Kunnen Ɓaunar Baban Bitrus

Tun da muka dawo daga Kamaru ban huta ba. In na shiga kasuwar Kafanchan a tare ni, in an tashi sujada matan zumunta su kewaye ni. "Mama Rifkatu, wai da gaske maigidanki ya kashe ɓauna?" "Wai kin ci naman giwa?" Kowacce in ta ji sai ta tafi ta ƙara gishiri. Har na ji wata tana cewa zaki ya bi ni da gudu. Ni da wannan gwiwar? Da zaki ya bi ni da ba ku ƙara ganina ba. Tun da dai na shiga ajin manya na iya riƙe biro, bari in rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya ta karanta, wadda ba ta iya ba a karanta mata, a bar ni in sayar da cittata.

Sai kun san abin da ya kai mu tukuna. A ƙauyen su maigidana Yakubu, can bayan Godogodo, akwai ƙahon da maharba suke busawa a bakin kabari. Ba kowane namiji ake busa wa ba, sai wanda ya taɓa fid da jinin babban nama, ɓauna ko damisa. Dokarsu kuma ita ce, nama na wanda ya fara fid da jini ne. Ko mutum goma suka ƙarasa shi, su ƙafa za su samu, kai da suna na mai jinin farko ne. An busa wa uban Yakubu. An busa wa yayyensa biyu. Shi kuwa tun yana saurayi reluwe ta ɗauke shi, ya ƙare ƙarfinsa yana zuba gawayi a cikin injin jirgi. Da ya yi ritaya ya waiwayi dajin, daji ya zama gonar citta. Sai gafiya da zomo.

Fasto ya ce ƙaho ba ya kai mutum sama. Na yarda. Shi ma Yakubu ya yarda, dattijo ne a ikilisiya. Amma ranar da aka binne yayansa na ƙarshe na ga fuskarsa sa'ad da ƙahon ya tashi. Ya dawo gida bai taɓa tuwo ba. Ya ce, "Ni shiru za a sa ni a rami, kamar akuyar da ta mutu da kanta."

Ɗanmu Bitrus yana aikin ofis a Kaduna. Shi ya ji a bakin wani Bature cewa a Kamaru akwai masu ɗaukar mutum su kai shi daji ya harbi nama, da takarda, da lasin, gwamnati ta sani. Ya ce zai kai ubansa. Aka yi wata da watanni ana wasiƙa, har ya samu sunan mutum biyu a Garwa masu wannan aikin. Aka yi fasfo, aka yi allura aka ba mu katin rawaya. Wurin hoto mai hoton ya ce in cire ɗankwali, na ce ya cire hularsa ya ɗauki kansa. Ya ɗauke ni da ɗankwalina.

Da farko ba a shirya da ni ba. Yakubu ya ce, "Mace a farauta? Naman zai ji warin daddawa ya gudu." Na ce ko ya gudu ko ya tsaya, ƙafata ƙafarka. Dalili kuwa, na san abin da ba wanda ya sani. Yanar ido ta rufe masa idon dama. Na gane tun ranar da ya zuba shayi a gefen kofi ya ce tebur ne ya karkace. Ya ce kada in gaya wa kowa. Ban yi alkawari ba. To idon dama ai shi ne idon bindiga.

Na huɗunmu Malam Buba ne, Bafulatani mai ruga kusa da gonarmu, abokin Yakubu tun suna yara. Bitrus ya ce a can Fulatanci ne Hausarsu, dole a tafi da mai baki.

Ranar tashi tsofaffin 'yan reluwe suka cika tasha. Wani ya ce, "Yakubu, ka kawo mana wutsiya mu kori ƙuda!" Wani ya ce, "In ta biyo ka, ka busa mata usur ta tsaya!" Yakubu yana dariya yana rungume da wata doguwar tabarma. Sai da jirgi ya wuce Kagoro na ga bai ajiye ta ba, na sa hannu na latsa. Ƙarfe. Tsohuwar bindigarsa ce, wadda Bitrus ya ce sau uku a bar ta a gida, don a can su suke ba mutum bindiga.

Bitrus ya ce, "Baba, haba!"

Yakubu ya ce, "Mutum yana zuwa gonar wani da fartanyar aro?"

Kafin Bauchi jirgi ya tsaya a fili rabin yini. Yakubu ya sauka ya je ya koya wa direba aiki. Ya dawo ya ce waɗannan injinan na mai ragwaye ne, da na gawayi ne da tuni mun isa. Buba ya ce, "Da na ƙafa ne da tuni mun dawo." Na buɗe kwano muka ci acca da soyayyar kaza. Buba bai ci kazar ba don bai ga wanda ya yanka ba, na kuwa san haka, na riƙo masa gyaɗa da dabino. A Gombe muka sauka gidan wani tsohon abokin aikin Yakubu. Matarsa ta yi mana miyar kuka mai kyau, sai dai gadon da aka ba mu kuɗin cizo sun riga mu kama haya.

Daga Gombe mota ce. A Numan aka ɗora motar gaba ɗaya a kan jirgin fito don a haye Binuwai. Malam Buba, mutumin da na taɓa gani ya kama bijimi a ƙaho ya kayar, ya zauna a tsakiya ya rufe kai da rawani yana jan carbi. Na ce, "Malam Buba, ga ruwa, ka yi alwala mana." Ya ce, "Uwargida, ki bar ni da Ubangijina, muna magana."

A Yola gidan ɗan'uwansa muka kwana biyu. Aka kai ni cikin mata. Hausarsu kaɗan, Fulatancina babu, amma suka dama mini fura da nonon da ban taɓa shan irinsa ba, suna taɓa tsagen fuskata suna tambaya da hannu ko ya yi zafi. Mata ne masu kirki. Sai dai magana ƙasa-ƙasa kamar akwai mara lafiya a gidan. Da na yi dariya sau ɗaya, wata tsohuwa ta zabura har ta zubar da goro.

Iyakarmu da Kamaru wani kogi ne mai faɗi, yashinsa ya fi ruwansa yawa. A ɓangarenmu ɗan kwastan ya kwance tabarma, ya ga bindiga, ya dubi Yakubu, ya dubi tsagensa. Ya ce, "Baba, daga ina?" Ashe ɗan Zonkwa ne, ɗan yankinmu. Ya ce, "Lasin ɗinka na Najeriya ne. In ka haye da wannan, su can ba su san Baba ba. Bar ta a wurina, in ka dawo ka karɓa." Yakubu ya shafa bindigar kamar mai sallamar 'ya a gidan miji.

A ɓangarensu soja ne da gajeren wando da hula kamar gwangwani. Ba Turanci, ba Hausa. Yana ta juya fasfo ɗinmu yana wani yare ta hanci. Da Buba ya yi masa Fulatanci sai fuska ta saki, har aka kawo mana benci. Ya tambaya wai cikin mazan nan uku wane ne mijina. Na ce a gaya masa wancan ne mai fushi, kuma shi kaɗai ya ishe ni.

Garwa gari ne mai zafi. Burodinsu dogo kamar taɓarya, ɓawon ya kusa cire mini haƙori. Da rana tsaka kowa ya rufe kanti ya je ya kwanta, har ofis. A Kafanchan in ka rufe kanti da rana sai a zo gaisuwar mutuwa. Na kuma ga maza biyu manya masu gashin baki suna sumbatar juna a kumatu a bakin titi, ba wanda ya ko waiwaya. Mun sauka a ɗakin baƙi na wata mishan. Sujadarsu ban ji ko kalma ɗaya ba, amma muryar waƙar tamu ce, sai na bi da Hausa.

Washegari muka fita zaɓen wanda zai kai mu daji. Na farko a wani otal yake, Bature matashi da farar riga, yana jin Turanci. Ya ba Bitrus hannu don shi ne mai taye a wuya, tsofaffin kuwa ya ɗaga musu gira. Ya sa aka kawo lemo mai sanyi. Ya baza hotuna a tebur, kowane hoto wani ƙato ya ɗora ƙafa a kan nama yana murmushi. Ya ce kwana uku, ɓauna tabbas. Bitrus har ya fara gyara zama.

Na ce, "Tambaye shi, in mutum ya harba ya kuskure fa?"

Bitrus ya ce, "Mama, ba a yin irin wannan tambayar."

"Ni ina yi. Tambaye shi."

Baturen ya yi dariya ya daɗe yana magana. Bitrus ya ce, "Ya ce ba matsala."

"Duk wannan maganar ita ce ba matsala? Na biya maka makaranta don ka ci rabin magana?"

Sai ya fassara duka. Wai a wurinsa ba mai kuskure. Yana tsayawa a bayan mutum, mutum na jan kunamar bindiga shi ma yana ja, ƙara ɗaya za a ji. Nama ya faɗi, a ɗauki hoto, kowa ya ji daɗi.

Yakubu ya ajiye lemonsa. Ya ce, "In mun harba tare, jinin na wa?" Ya miƙe, muka bi shi.

Na biyu, shi ma Bature, a bayan gari yake. Mutanen wurin Ɗingishi suke ce masa, don ɓauna ta taɓa karya masa ƙugu. Mun same shi kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar Landiroba, ƙafa kawai ake gani. Ya fito baƙi ƙirin da mai, tsoho, fatarsa kamar ta ƙadangare. Ya gai da Buba da Fulatanci, Buba ya buɗe baki, ya ce rabonsa da jin irin wannan Fulatancin tun kakansa. Ba lemo, ba hoto. Ruwan randa ya ba mu. Maimakon mu tambaye shi, shi ya yi ta tambaya. Shekarun Baba nawa? Zai iya tafiya daga safe zuwa azahar? Ya taɓa ganin ɓauna a tsaye? Sa'an nan ya ce, "Ba na alkawarin nama. Alkawarina, mutum nawa na fita da su, su zan dawo da su."

Na ce a raina wannan ne. Amma mutumin da ya gaya maka gaskiya, ba ka ɓoye masa abin da zai kashe shi. Na ce, "Malam Buba, gaya masa idon dama ya mutu."

Buba ya ce, "Idon wa?"

"Na abokinka."

Ya dubi Yakubu, ya dube ni. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Uwargida, ki rufa asiri."

Da na ga ba zai faɗa ba, na tashi tsaye na nuna Yakubu, na sa tafin hannu na rufe idona na dama. Wannan ba ya bukatar tafinta.

Bitrus ya ce, "Baba, tun yaushe?"

Yakubu ya miƙe. Ya fita ya zauna a gindin wata bishiyar mangwaro ya ba mu baya. Shekara arba'in muna tare, ban taɓa ganin bayansa ya yi ƙanƙanta haka ba. Kada wata ta ce ban ji ba. Na ji. Amma gara ya yi fushi da ni a tsaye da a kawo mini shi a tabarma.

Ɗingishi ya ce ba zai kai shi ba. Na ce Buba ya gaya masa labarin ƙahon, duka, kada ya rage. Baturen ya saurara yana goge hannu da tsumma. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke gindin mangwaro. Sa'an nan ya ce to, da sharaɗi. Kwana uku Baba zai koyi harbi da kafaɗar hagu da idon hagu. A daji zai ɗora bindiga a kan sanduna, sai an matsa kusa, harbi ɗaya. "Ni kuma ba zan taɓa kunama ba sai na ji tasa ta tashi. Bayan wannan, abin da ya rage nawa ne."

Kwana ukun nan Yakubu bai yi mini magana ba. Ina zaune a gabansa zai ce, "Buba, gaya mata ina son ruwa." Buba ya ce, "Uwargida, wai ruwa." Na ce, "Gaya masa ga randa can, tana hagunsa, zai gan ta." Amma kullum da safe yana bayan gidan Bature yana harbin gwangwanin kananzir. Ranar farko gwangwani ya kwana lafiya. Rana ta uku ya huda shi sau biyu, kafaɗarsa ta kumbura, na gasa masa da ruwan zafi, ya bari, bai ce na gode ba.

Zangon farautar yini guda ne a mota. Bukkoki ne a bakin rafi, ga ƙudan tsando, cizonsa kamar allura. Mai dafa abinci namiji ne, da hula fara. Ya kawo nama, na yanka, jini ya biyo wuƙa. Na mai da masa na ce a ƙarasa. Ba yaji, ba daddawa, sai wani ganye ɗanye a faranti kamar na zomo. Rana ta biyu na karɓe murhu ɗaya. Rana ta uku masu bin sawu suka bar tukunyarsa suka yi layi a tawa. Shi ma Ɗingishi ya zo da kwanonsa, yana ci yana hawaye yana neman ƙari.

Farautarsu ba irin tamu ba ce. Mu gari guda ake fita, da karnuka da ihu da wuta. Su mutum biyar, ba mai tari, magana da yatsa. Kuma ba kowane nama ake harbi ba. Sun ga garke guda, Bature ya ce mata ne da 'ya'ya, a wuce. Buba ya dawo yana cewa bai taɓa ganin mutum ya ga abinci ya gaishe shi ya wuce ba. Ni an yarda in bi su, amma in zauna a mota tare da direba. Kwana huɗu ina zaune ina korar tsando, suna dawowa hannu wofi, Yakubu yana jan ƙafa.

Rana ta biyar, hantsi ya ɗaga, na ji harbi ɗaya. Shiru. Na fara "Ubanmu wanda ke cikin sama," ban kai "mulkinka" ba na ji biyu a jere. Direba ya ta da mota muka kutsa cikin ciyawa.

Ga ta kwance, baƙa, ta fi kowane bijimin Buba. Tsakaninta da sandunan da Yakubu ya ɗora bindiga bai fi tsawon ɗakina ba. Yakubu yana zaune a ƙasa. Bitrus yana tsaye. Malam Buba yana saukowa daga kan bishiya da takalmi ɗaya. Na ƙirga su, sun cika. Sa'an nan na zauna ni ma.

Bitrus ya matso ya ce a kunnena, "Mama, Baba ya kuskure. Da ya harba sai ta juyo kanmu. Bature ne ya kayar da ita."

Aka duba. Rami ɗaya a ƙirji, ɗaya a wuya, duka na Ɗingishi. Aka juya ta, ba na uku. Bitrus ya fid da kyamara ya ce Baba ya zo ya tsaya. Yakubu ya ce, "Ba nawa ba ne." Ya hau mota ya zauna a baya.

A zango na ga yadda suke yi da kai. Su ƙashi da ƙaho kawai suke so. Sai a feɗe fatar, a yanke kunnuwa a jefa wa karnuka, a dafa ƙoƙon a cikin durom har ya yi fari. Ni kuwa da na ga fata mai kauri haka za ta lalace, na ce ganda ce wannan, na je in roƙa. Na tsuguna, mai fiɗa ya riga ya yanke kunne ɗaya ya jefar, kare ya tafi da shi. Na kama ɗayan don in ɗaga masa. Sai yatsana ya shige.

Na duba. Kunnen ɓauna duk a yayyage yake da tsofaffin tabo, amma wannan rami ne zagayayye, sabo, jini ya bi gashin ya bushe. Mai fiɗa ya miƙo wuƙa. Na ture hannunsa. Ya yi mini yarensa, na yi masa nawa. Da na ga zai sake miƙowa, na haye kan ɓaunar na zauna tsakanin ƙahonin, na ƙwala kira, "Malam Buba! Bitrus! Ku kira Bature!"

Ɗingishi ya zo yana jan ƙugu. Ya durƙusa, ya duba gaba, ya duba baya. Ya ciro harsashi daga aljihu ya sa a ramin, ya shige daidai. Ya ɗaga yatsa uku, ya nuna ƙirji, ya nuna wuya, ya nuna kunne. Ya ce wa Buba ko a dokar takardarsu haka ne, wanda ya fid da jini, a kansa ake rubuta naman. Ya cire hula ya je har inda Yakubu yake ya ba shi hannu.

Yakubu ya zo ya sa yatsa a ramin ya daɗe. Ya ce, "Sai abin da Sarkin Baka ya ce." Sa'an nan ya dube ni, ni kaina, ba ta bakin Buba ba, ya ce, "Sauka daga kan namana."

Ni na yanke kunnen da hannuna, da fata mai faɗi. Na cika shi da gishiri, na shanya, na zauna ina gadi saboda karnuka. Naman aka raba wa ƙauyen da ke kusa, muka yi banda da kaɗan. Ƙahon Bature ya yi masa takarda. Kunnen kuwa a bakin zanina ya yi tafiya. A mota mutane suna ta toshe hanci suna hararar wani mai buhun kifi, ban ce komai ba. Ɗan Zonkwa ya mai da bindiga, ya tambayi abin da ke wari. Na kwance na nuna masa. Bai yi dariya ba, ɗan gida ne. Ya ce, "Allah ya sa su karɓa, Mama."

Sati guda da dawowarmu tsofaffin maharba suka zauna a gindin tsamiya a ƙauye. Sarkin Baka, Baba Audi, ya tsufa har sai an tashe shi, amma kansa garau. Mata ba sa zama a wannan wurin, ina can gefe wajen masu surfe. Aka ajiye ƙaho da kunne. Kunnen ya zaga hannu hannu. Wani ya ce, "Wannan ai da ƙusa ma za a iya yi." Wani ya ce, "Ɓauna ce aka huda mata kunne za ta sa 'yan kunne?" Aka yi dariya. Yakubu yana kallon ƙasa.

Baba Audi ya ce doka ba ta ce ƙirji ba, jini ta ce. Abin da ya rage shaida. Bitrus ya miƙe, Baba Audi ya ce masa zauna, ɗa ba ya ƙaryata uba. Buba ya ce shi yana sama, ya ga komai. Baba Audi ya ce, "Kai ko a ƙasa kake za ka rufa masa asiri, tare kuka yi kiwon awaki." Ya dubi taron. Sai ya ce, "Ina matar?"

Wani ya ce, "Baba, mace a maganar maharba?"

Ya ce, "Wannan? Shekara arba'in tana cikinmu, wa ya taɓa jin ta yabi Yakubu? Ita ce fa ta tona idonsa a gaban Bature. Kira ta."

Na zo na durƙusa daga nesa. Ya ce, "Rifkatu, jini ya fita?"

Na ce, "Ya fita, Baba. Ba yawa. Da ya fi haka da na faɗa. Ƙirji ya nufa ya samu kunne, kuma ba don Bature ba da yanzu kuna zaman makoki. Amma harbinsa ne na farko, shi kaɗai, ramin sabo ne, jinin ya taɓa hannuna."

Baba Audi ya juya kunnen sau biyu. Ya miƙa wa Yakubu da hannu biyu, ya ce, "Naman naka ne. Za a busa."

Da yamma muka kama hanyar bakin titi mu biyu. Hanyar duwatsu ce, ya dafa kafaɗata, abin da bai taɓa yi a gaban mutane ba. Mun yi nisa kafin ya yi magana.

"Maman Bitrus, ban gan ta ba fa. Baƙin abu kawai na gani, na ja."

"Na sani."

Muka ƙara tafiya. Ya ce, "Ranar nan in ta zo, ki tsaya kusa da mai busa. Yaran yanzu ba su da numfashi. In bai yi ƙarfi ba ki sa ya sake."

Na ce, "In na riga ka fa?"

Ya ce, "Ke? Ba za ki riga ni ba. Yaushe kika taɓa barin wani ya yi maganar ƙarshe?"

Na buɗe baki, sai na rufe. Na bar masa wannan.